Shu'aibu Mai Madubi da Takardar da Na Rubuta

Bana shekara ashirin da tara ke nan da muka kai Shu'aibu makwancinsa. Sai da na sake lissafi kafin in yarda, domin a zuciyata abin bai yi wannan nisa ba. A garinmu, can ƙasar Rogo, ba nisa da Falgore, waɗanda suka san shi sun ƙare saura 'yan tsiraru. Yau in ka ce wa matashi Mai Madubi, sai ya zaci wani wanzami kake nufi, ko mai tallar kayan kwalliya. Madubin da ake nufi kuwa shi ne na likita, na'urar nan da ake leƙa abin da ido ba ya iya gani. Shu'aibu ne mutum na farko da ya ajiye irinta a garinmu, ni kuma ina cikin waɗanda suka raba shi da ita. Na daɗe ina rubuta ta'aziyyar mutane, ina yabon waɗanda ban ma san su sosai ba. Tasa ce kaɗai nake ta ɗagawa shekara da shekaru, kuma mai karatu zai ga dalili.

Aji ɗaya muka yi a firamare. Shi ɗan makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, mahaifiyarsa ba ta taɓa sakin Fulatanci ba, saboda haka da harshe biyu ya tashi. Ni kuwa a gidan sarauta na tashi, yayan mahaifina, wanda nake kira Baffa, shi ne dagacin garin. Da muka girma Shu'aibu ya tafi makarantar koyon aikin lafiya ya karanci gwaje-gwaje, ni kuma na zama magatakardan Baffa, saboda an ce hannuna yana da kyau kuma na iya tsara magana. A farkon shekarun tamanin aka turo shi ƙaramin asibitin garinmu, lokacin duk muna ƙarƙashin Karaye. Ɗaki biyu ne da baranda. Babu lantarki, don haka na'urar tasa da hasken rana take aiki, akwai wani ɗan madubi a ƙasanta da ake juyawa ya kamo haske. Daga hantsi zuwa la'asar za ka same shi a bakin taga, ido ɗaya a rufe. In hadari ya haɗo, aikin ranar ya tashi.

Bai yi wata guda ba ya gane cewa ganin cutar ba shi ne wahalar aikin ba, faɗarta ce. Wani dattijo ya zo da ciwon ciki, Shu'aibu ya duba ya ce masa, “Baba, akwai ƙwayoyi a cikinka.” Dattijon ya fusata ya ce shi wallahi bai sha ƙwayar kowa ba, rabonsa da maganin asibiti tun kafin a yi aurensa na fari. A wurinmu ƙwaya ita ce ta hatsi, ita ce ta ido, ita ce ta magani. Yanzu ga wani yaro ya dawo daga makaranta yana cewa ƙwaya ce ke sa ciwo, ƙwaya ce kuma ke warkarwa. Ranar kasuwa ta gaba Shu'aibu ya sayi babban littafin rubutu mai bangon kwali, ya ja layi a kowane shafi: gefe ɗaya sunan da ya koya a makaranta, gefe ɗaya Hausa, gefe ɗaya Fulatanci in ya samu.

A shafin farko ya rubuta “ƙananan halittu”, ya ce wannan ne sunan dangin gaba ɗaya. Ba ya yarda a kira su duka ƙwayoyin cuta, domin a cewarsa yawancinsu ba ruwansu da mu, wasu ma hidima suke yi mana. Bakteriya ya bar musu sunansu, ya ce bakinmu zai iya ɗauka, amma ya raba su bisa siffa. Masu jeruwa ɗaya bayan ɗaya ya kira su masu carbi. Masu taruwa wuri guda, masu curi. Dogaye miƙaƙƙu ya fara rubuta 'yan sanda, sai ya yi dariya ya soke, ya ce kada a zo a kama shi, ya mayar da su masu sanda. Funfunar da ke fitowa a kan kwantan tuwo ya haɗa ta gida ɗaya da abin da ke kawo makero a kan yara da ƙyasfi a wuyan manya, ya ce duk fangas ne. Tsutsar ciki da ƙwan tsargiya da abin da sauro ke zuba wa mutum a jini ya tara su a ƙarƙashin cima-zaune, wato masu ci daga jikinka ba su yi maka aikin komai ba. Bairas ne kaɗai ya tsaya masa. Ya ce su ne masu kawo ƙyanda da shan inna da mura, sun fi ƙarfin madubinsa, ƙanƙantarsu ta wuce ya gan su, kuma kafso ba ya yi musu komai. Ya daɗe bai cike gurbinsu ba. Yana cewa nauyi yake ji ya raɗa wa abin da bai taɓa gani ba suna.

Akwai wata Bafulatana mai tallar nono, Inna Hari, da ke ajiye ƙwaryarta a inuwar barandarsa. Wata rana ya roƙi ɗigo ɗaya na kindirmonta, ya shafa a ɗan gilashi, ya busar, ya ɗiga masa wani shuɗin ruwa, ya ce ta leƙa. Da ƙyar ta yarda. Ya yi mata bayani da Fulatanci cewa ɗan tsohon nonon da take zubawa a sabuwar madara iri ne, waɗannan masu sandar da take gani su ke kwana suna mayar da madara nono. Ta ɗago ta dube shi, ta sake leƙawa, sannan ta ce da Hausa don mu ma mu ji, “Ashe garke biyu nake kiwo ban sani ba.” Ya rubuta maganar a gefen shafi. Ina wurin, a kan benci, ina dariya. Kusan kullum in na tashi daga zauren Baffa can nake zuwa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yanzu. Lokacin korona babu wanda bai iya faɗin bairas ba, har mai shayin bakin tasharmu. Kalmar ta shiga bakin kowa, ma'anar ta tsaya a waje. Mutum zai ce maka bairas ya kama shi, ya wuce kantin magani a ƙirgo masa kafso huɗu, ya sha biyu, ya ajiye biyu don wani zazzaɓin. A rediyo kuwa komai ƙwayar cuta ce, tun daga abin da ke sa gudawa har abin da ke sa daddawa ta nuna. Kowa na riƙe da waya, kowa likita ne. Shu'aibu ba mai haƙuri da irin wannan ba ne. Na tabbata da yana nan da ya yi faɗa da rabin gari, kamar yadda ya yi a wancan karon.

Wata damina ce amai da gudawa suka shigo mana. Mutum zai yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar ido ya faɗa, fata ta yamutse. Shu'aibu da malamin asibitin, su biyu rak, suna ta dama ruwan gishiri da sukari suna ɗura wa mutane a baranda. A cikin wannan hali ya kira ni ya ce in leƙa abin da ya samu daga wani maras lafiya. Na ga wasu 'yan abubuwa lanƙwasassu birjik. Ya ce, “Lawan, kai ne mai baki. Da me suka yi maka kama?” Na ce da lauje. Ya ce shi ke nan, ya ɗauki biro ya rubuta “masu lauje”. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: ni da idona na gan su, ni da bakina na raɗa musu suna.

Gari kuwa ya riga ya yanke hukunci. Aka ce nonon Fulani ne. Baffa ya sa aka yi shela cewa kada mace mai ƙwarya ta sake shigowa kasuwa. Na ga yadda aka bi Inna Hari da ihu har bayan gari, nononta ya zube a hanya. Shu'aibu ya hau kekensa ya je rugarsu, ya tarar babu mai ko ciwon kai, su da ke shan nonon safe da yamma. Da ya dawo sai ya shiga gida gida yana tambaya ɗaya: ina kuke ɗibar ruwa? Ya zana unguwannin garin a bayan wani kwali, duk gidan da aka kwanta ya yi masa ɗigo. Ɗigon suka taru a kewayen rijiyar masallaci.

Wannan rijiya kakana ne ya haƙa ta sadaka. Ita ce abin alfaharin gidanmu, ruwanta garau, ba ta ƙafewa ko da bazara. Shekara biyu kafin nan Baffa ya gina wa masallata da baƙi masai a tudun da ke samanta, taku kaɗan tsakani, aka yi ta sa masa albarka. Shu'aibu ya zo zaure da kwalinsa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Ina zaune a gefe da biro a hannu.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, roƙo na zo yi. A rufe rijiyar masallaci har ruwa ya ɗauke, a daina amfani da masan nan. Ruwan sama yana wanko ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa yana zubawa a ciki.”

Baffa ya ce, “Rijiyar mahaifina? Da ruwanta aka yi maka wankan suna. Je ka ɗebo ka duba, ko ƙura babu.”

“A ido babu, ranka ya daɗe. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin ido. Ga Lawan nan, ya gani.”

Duk aka juyo aka dube ni. Na sunkuyar da kai na ce ni dai na ga wasu 'yan zane-zane a gilashi, ban san ko mene ne ba. Wani dattijo cikin fadawa ya ce wato yanzu ba Allah ke saukar da cuta ba ke nan, tsutsa ce. Shu'aibu ya ce, “Baba, wa ya halicci tsutsar? Wanda ya yi giwa Shi ya yi su. Ni dai an ba ni abin leƙawa ne.” Baffa ya ce wa Shu'aibu an ji, ya tashi ya tafi.

Ba zan mayar da shi waliyyi don ya mutu ba. Shu'aibu yana da zafin kai, kuma harshensa ba ya da linzami in ransa ya ɓaci. Da ya ga an kwana biyu ana ci gaba da jan guga, an kuma fitar da gawa daga gidan maƙwabcinsa, sai ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce wa mutane abin da suke kai wa masai da safe shi suke sha da rana. Gaskiya ya faɗa, amma a gaban jama'a ya faɗe ta, kuma kowa ya san wanda ya gina masan. Daga ranar maganar ta tashi daga ta ruwa ta koma ta mutuncin gidanmu.

Baffa ya kira ni ya ce a rubuta takardar ƙorafi zuwa ga shugabanninsa. Abu uku ya ba ni: cewa yaron yana tsorata jama'a, cewa ba ya ganin girman manya, cewa yana karɓar fitsari da bayan gidan matan aure yana kallo. Na zauna na tsara su. Da na karanta sai na ga ba su da nauyin da za su ɗaga ma'aikaci daga wurinsa, domin duk wanda ya san aikin zai ce ai aikinsa ke nan. Sai na ƙara na huɗu daga kaina. Na rubuta cewa yana gaya wa mutane ba Allah ke kawo cuta ba, kuma in ba a ɗauke shi ba, ba za a iya ba da tabbacin zaman lafiya ba. Babu wanda ya sa ni. Na ji amsar da ya ba dattijon nan da kunnena. Na rubuta ne don Baffa ya ga ƙwarewata, don ina hangen wata rana a ce ni ne zan gaje shi, kuma in zan faɗi gaskiya har ƙarshenta, don na fara jin haushin yadda ɗan makiyayan da nake ba amsa a aji ya zama shi ake zagayewa ana saurare. Baffa ya ji an karanta, ya ce madalla, aka dangwala hannu.

A makon da na rubuta takardar nan, na ce wa matata ta riƙa tafasa mana ruwan sha a ɓoye. Ta yi na ɗan lokaci. Da matan gidan suka fara tambaya ko mu ma mun bi Mai Madubi ne, na ce ta bari.

Ba a yi wata biyu ba takardar canji ta zo. Aka tura shi wani ɗan wurin shan magani ta wajen Yammedi, inda babu ɗakin gwaji, aikinsa ya koma wanke miki da rarraba ƙwayar zazzaɓi. Na'urar ta gwamnati ce, ba a bar shi ya tafi da ita ba. Aka kulle ta a kabad, ba a turo kowa a madadinsa ba. Bayan shekaru da aka buɗe kabad ɗin an tarar funfuna ta cinye gilasanta, ko haske ba ya wucewa. Ruwa ya ɗauke, cutar ta lafa da kanta, aka ce ai ga shi nan, tunda aka hana nono aka kori mai baƙin baki an samu sauƙi.

Damina ta zagayo, cutar ta dawo ta hanyar da ta bi bara. Wannan karon babu Fulanin da za a ɗora wa, sun riga sun mayar da tallarsu wata kasuwa. A gidanmu ta ɗauki 'yata Hindatu, tana shekara huɗu. Da safe tana wasa da 'yar tsanarta ta kara, washegari kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Bayan kwana kaɗan Baffa ya sa aka jera itace a bakin rijiyar, aka ce wai bangonta ne ke zubewa. Aka rushe masan ba tare da shela ba. Babu wanda ya ce a nemo Shu'aibu a ba shi haƙuri. Babu wanda ya je rugar su Inna Hari. Shu'aibu ya zo mini ta'aziyya a kan kekensa, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a, ya riƙe hannuna ya daɗe. Bai ce komai game da ruwa ba. Na so ya zage ni a ranar, bai yi ba.

Shekaru suka shige. Sarautar da nake hange ta wuce ni ta tafi wani ɗaki na gidanmu, na koma koyarwa. Shi kuma, da aka rasa mai duba kakin masu tari a wani asibiti mafi girma, sai aka tuna da shi. Aka ba shi wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ba ta buɗewa. A nan yake buɗe kwalaben kaki tun safe har yamma, babu abin rufe hanci, babu safar hannu. Ya rubuta ya nema, ya sake rubutawa, aka ce ana kan dubawa. Murna ma yake yi, shi dai ya koma kan madubi. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, sama sama, ni ne kullum mai saurin sallama.

A tsakiyar shekarun casa'in aka ce mini Shu'aibu ya rame. Na je na same shi a wurin aikinsa da hantsi. Rigar ta yi masa yawa, muryarsa ta dusashe. Bayan gaisuwa ya ce in zo in leƙa wani abu, kamar da. Na leƙa. Fili ne shuɗi, da 'yan jajayen sanduna sirara a warwatse.

Ya ce, “Masu sanda ne, na tarin fuka. Ja suke fitowa, don in sun sha rini ba sa saki.”

Na ce, “Na wane ne?”

Ya ce, “Nawa ne. Ni na shafa, ni na rina.”

Ya yi mini bayani a natse, kamar yana karantar da ɗalibi. Maganin yana buƙatar watanni ba fashi, amma sai ya zo wata biyu ya yanke wata guda. Duk yankewa, masu rauni ne suka mutu, masu taurin kai suka saura suka hayayyafa. Ya ce nasa yanzu jikokin masu taurin kan ne, maganin ya zama musu ruwan sha. Ya ce har ya rubuta wannan a littafinsa amma bai samu kalmar da ta gamsar da shi ba. Sannan ya yi tari mai tsawo, ya goge baki, ya dube ni.

“Lawan, an nuna mini takardar nan a ofis tun a lokacin. Layi biyu na karanta na san hannunka. Babu mai tsara Hausa haka a ƙasar nan sai kai.”

Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ci gaba.

“Ba don in tayar maka da hankali na faɗa ba. Abin da ya ba ni haushi, da wannan Hausar ka zauna ka taya ni, da tuni mun gama littafin nan.”

Ban nemi gafararsa a ranar ba. Na ce masa Allah ya ba da lafiya, na ce zan dawo. Na yi ta shirya kalmomin da zan faɗa, ni da aka sani da tsara magana, har wata uku. Ranar da na koma, ɗaukar gawa na tarar.

Bayan sadakar arba'in matarsa Rabi ta aiko mini da littafin a cikin leda, ta ce shi ya ce a ba ni. Sau ɗaya na kai shi wani ofis a Kano inda aka ce ana tattara kalmomin kimiyya. Wanda na samu ya juya shafi biyu, ya tambaye ni wane digiri marubucin yake da shi. Da na faɗa masa sai ya rufe ya turo mini, ya ce akwai kwamitin masana a kan aikin. Na yi fushi ƙwarai a hanyar dawowa, kuma fushin ya yi mini daɗi, domin na samu wanda zan ɗora wa laifi. Daga nan na sa littafin a akwati. Na ce in na yi ritaya zan zauna a kansa. Na yi ritaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

To me ya rage na Shu'aibu? Ba a sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. A inda rijiyar take yanzu akwai famfon burtsatse da allo mai ɗauke da sunan wani ɗan siyasa. Ƙaramin asibitin an yi masa fenti an ƙara ɗakuna, amma har gobe in ana son gwaji sai an hau mota. Akwai mutanen da ke yawo a garin nan da jikokinsu saboda ruwan gishiri da sukarin da ya ɗura musu a baranda, yawancinsu ba su san sunansa ba. Akwai littafi mai shafi kusan ɗari, takardunsa sun yi ja, a hannun mutumin da ya fi kowa rashin cancantar riƙe shi. Na fara kwafe shi da azumin bana, shafi ɗaya a rana, idona ba ya ba ni fiye da haka. Ban sani ba ko akwai mai buga shi, ko akwai mai karantawa.

Kafin in aiko da wannan rubutu na je gidan Rabi. Ta tsufa, tana zaune wurin ɗanta. Na ga bai kamata ta ji labarin takardar daga bakin wani mai karanta jarida ba. Na zauna daga bakin ƙofa na karanta mata tun daga farko, tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Da na kai ƙarshe ta ajiye faifan.

Ta ce, “Malam Lawan, ai na sani. Ranar da ya dawo daga ofis ya gaya mini. Ya ce kada in canza maka fuska, kuma ban canza ba. Duk zuwan da ka yi gidanmu na ba ka ruwa.”

Na ce to ina roƙon ta yafe mini.

Ta ce, “Shi ya yafe, a gabana ya faɗa, kwana biyu kafin ya cika. Nasa ke nan. Ni kuwa ni na wanke tsummokaran da yake tofa jini a ciki. Ka je ka buga abinka, mutane su karanta. Nawa ka bar mini tukuna.”

Na yi mata sallama na fito. Allah ya jiƙan Shu'aibu, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Hindatu da duk waɗanda rijiyar nan ta ci. Ni kuma mai karatu ya sa ni a addu'a in ya ga dama. In bai ga dama ba, ba zan ce ya yi laifi ba.